Kiɗa, Ɗinki da Kayan Shafa: Shawara Ga Masu Shirin Biki



Damina ta ɗauke, hatsi ya shiga rumbu, iskar hunturu kuma ta fara kaɗawa. A ƙasarmu wannan shi ne lokacin ɗaurin aure da tarewar amare, tun daga Dogon Dutsi har Magariya. Kuɗin da manomi ya samu na wake da gyaɗa, da albashin da ma'aikaci ya yi kwana talatin yana jira, kashi mai yawa daga ciki wurin mai kiɗa da tela da mai kayan shafa zai tafi. Ba laifi ba ne, domin mutum ba da tuwo kaɗai yake rayuwa ba. Amma tun da kuɗin za su fita, ya kamata su fita inda za su yi amfani. Shi ya sa yau na ajiye maganar taki da rigakafi, na kawo muku abubuwan da ni kaina nake saurare, da waɗanda nake karantawa, da waɗanda na yarda in shafa a jikina. Ra'ayina ne, ba umurnin hukuma ba. Wanda ya ga akasin haka yana iya rubuto mana.

ABIN DA KUNNE ZAI JI

Zan fara da tsohon da yawancinmu muka san kiɗansa ba mu san sunansa ba, watau Mamman Sani. A shekara ta 1978 ya ɗauki kaset guda da ƙaramin ogan na lantarki, ya juya muryoyin gargajiya na ƙasar nan zuwa wani irin sauti mai sanyi, yawancinsa babu waƙa a kai. Shekara da shekaru gidan rediyo da talabijin na ƙasa suna sa wannan kiɗa a tsakanin shiri da shiri. A 2013 wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake buga kaset ɗin, sai ga mutanen Turai suna yabon abin da mu muka ɗauka kiɗan jiran labaru ne kawai. Ba kiɗan rawa ba ne. Na bayan sallar isha'i ne, lokacin da baƙi suka watse, uwargida tana ƙirga kwanonin aro.

Ga filin rawa kuwa, ban san ƙungiyar da ta fi Tal National ba. Shugabanta, wanda aka fi sani da Almeida, ya yi aikin alƙalanci a Yamai, da rana yana shari'a, da dare yana riƙe da gita. Abin da ya sa nake gabatar da su shi ne, a ƙungiya ɗaya za ka ji Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci, kuma babu harshen da aka mayar ɗan rakiya. Fayafayansu uku sun fita ƙasashen waje: Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, Tantabara a 2018. Wanda zai sayi ɗaya tak, ya sayi Kaani. Gangar tana gudu kamar dokin sukuwa, gita biyu suna bin juna, amma duk da haka kunne yana rarrabe kowane kayan kiɗa. Na baya sun fi shi zafi, sai dai a ganina zafin ya kan yi yawa ga dattijon da ya zo biki don ya zauna.

Sai Mamar Kassey, ƙungiyar Yakuba Mumuni, wanda ake yi wa laƙabi da Denke-Denke. An kafa ta a 1995. Su ne suka nuna mana cewa sarewar makiyayi da molo da kalangu da ƙwarya suna iya zama tare da gitar lantarki ba tare da sabon ya danne tsohon ba. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Mawaƙa da yawa sun gwada, sai a ƙarshe ka ji molon ya zama ado kawai, kamar tukunyar ƙasa da aka ajiye a falo ba a dafa kome a cikinta. A faifansu na farko, Denké-Denké na 1999, sarewar ce take jan gaba, sauran suna biye.

Mutanen Maraɗi za su ce na manta da nasu. Ban manta ba. Faifan Niamey Twice na 1994, wanda Sa'adu Bori ya yi tare da Musa Pusi, ɗaya da Hausa ɗaya da Zabarmanci, har yau bai tsufa ba, kuma a cikinsa za a ji yadda Sa'adu ya ɗauko bugun kiɗan bori ya shigar da shi kayan zamani. Haka marigayiya Habsu Garba, haifaffiyar Maraɗi a 1958, wadda ta kafa ƙungiyar Annashuwa, ta rasu a watan Disamba na 2022. Ƴan mata masu sha'awar waƙa su saurare ta don su koyi fitar da kalma: ko daga ƙarshen fili kake, ba ka tambayar na kusa da kai me ta ce. Ƙungiyar Sogha, wadda ta yi suna lokacin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a 2005, ita ma ta dace da zaman mata, ranar ƙunshi ko ranar wuni.

Akwai kuma ƴan gitar arewa, waɗanda a yau su ne suka fi kai sunan Nijar nesa. Bombino na Agadas shi ne ɗan ƙasar nan na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar kyautar Grammy ta Amurka, saboda faifansa Deran na 2018. Labarin Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya fi ba ni sha'awa. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan finafinan Hausa suke amfani da ita. Ba kamfani ne ya yaɗa shi ba. Daga waya zuwa waya ya bi hamada har ya ƙetare teku. Wanda bai saba da ƙarar gita ba kada ya fara da Afrique Victime na 2021, ya fara da ƴan matan Illighadad, na kusa da Abalak, waɗanda Fatu Seidi Ghali take jagoranta. Faifansu Eghass Malan na 2017 kiɗan tende ne na mata, an ƙara masa gita a hankali.

Sunan da ba na so ya ɓace shi ne na Mamman Barka, malamin lakwal ɗan Tasker, mai gurmi. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi wurin tsoho Bukar Tar ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa, a lokacin da saura kaɗan ya rasa mai kaɗa shi. Faifan da ya yi da shi ya fita a 2009, shi kuma ya rasu a 2018. Ya kamata cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai ta tabbata biram bai sake zama maraya ba.

To, waƙoƙin da ake yi wa amarya da ango a situdiyo, masu kiɗan fiyano da muryar da na'ura ta gyara fa? Ba na cikin masu zaginsu. Fati Nijar, ƴar Maraɗi da ta zauna Kano, ta nuna cewa mai murya ta gaske ba ta ɓacewa ko a cikin na'ura. Abin da nake ƙi shi ne waƙar da aka yi wa amare goma, suna kaɗai ake canzawa, a karɓi jika ashirin a hannun uwar amarya. Kafin a biya, a nemi mawaƙi ya rera baiti biyu da bakinsa, ba fiyano, ba lasifika. Nan take za a san abin da ake saye.

Magana ɗaya kuma a kan masu tura waƙa a kasuwa. Da dala ashirin ko hamsin za su cika maka katin waya da waƙa ɗari, kuma ko tamma ba ta isa hannun wanda ya yi waƙar. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, amma ba za ta iya tsayawa bakin kowace rumfa ba. Mai hali, in mawaƙin da yake so ya zo gidan samari na garinsu ko cibiyar Umaru Ganda, ya sayi tikiti ya shiga ta ƙofa.

ABIN DA IDO ZAI KARANTA

A da, duk telan da ya amsa sunansa yana da tarin mujallar Amina a ƙarƙashin teburin yanka. An kafa ta a Dakar a 1972, daga baya ta koma Paris. Iyayenmu da ba su yi lakwal ba ma sun san ta, domin hoto ba ya bukatar tafinta: mace ta buɗe shafi ta aza yatsa ta ce wa tela, irin wannan. Wadda ta samu tsofaffin fitowarta kada ta ba mai ƙosai ya naɗe kaya da su. Ɗinkin da aka yi yayi shekara arba'in da suka wuce, babban hannu da ɗaurin kallabi mai tsayi, shi ne yake dawowa yanzu da sabon suna. Kafin Amina akwai wadda ake kira Awa, wadda Annette Mbaye d'Erneville ta kafa a Dakar a 1964, ta tsaya a 1973. An sa shafukanta a intanet, kuma ma'aikatan da suke jin Faransanci za su amfana da ita, don su ga cewa matan Afirka sun haɗa maganar kwalliya da maganar aiki da ilimi tun ba yau ba.

Yanzu waya ta maye gurbin mujalla. Amfaninta a fili yake, amma tana da illa guda da tela ya fi kowa sani: hoton da ke cikinta an gyara shi, an matse ƙugu, an ƙara hasken fuska, rigar kuma an riƙe ta da allura ta baya don a ɗauki hoto kawai. Sai a kawo wa telan unguwa turmi ɗaya a ce ya fitar da abin da ko mai hoton ba ta iya zama da shi a kan tabarma. Ana gobe biki a yi ta faɗa.

Wanda yake Yamai, ko ya zo ganin dangi, ina ba shi shawara ya kai iyalinsa gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, su shiga ɗakin tufafin gargajiya. A nan za a ga aikin allura na manyan riguna, da saƙar tera-tera ta yamma, da adon Fulani da na Buzaye. Shi kansa Alphadi, babban mai tsara tufafi na ƙasar nan, daga irin wannan rijiya yake ɗiba. Shi ne ya shirya bikin FIMA na farko a 1998 a cikin rairayin Tigidit, kusa da Agadas, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta naɗa shi mai fasaha don zaman lafiya. Ba kowace rigarsa ce za a shiga da ita kasuwar Tasawa ba, wannan gaskiya ne, kuma an sha yin gardama a kai. Amma darasinsa yana nan: masaƙinmu da maƙerin azurfarmu da badukunmu suna da abin da kasuwar duniya take nema.

Ga waɗanda suka gama karatun yaƙi da jahilci, akwai wani karatu da ba a koya muku a aji ba, kuma ya fi na mujalla amfani: karatun bakin zane. Kowane turmin atamfa yana da rubutu a gefensa, sunan masaƙa da lambar zanen. Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda yake aiki tun 1846, yana buga sunansa da lamba a nan. Haka shaddar Getzner ta ƙasar Ostiriya tana da sunanta a jiki. Masu jabu su ma suna buga suna, saboda haka rubutu kaɗai bai isa ba. A juya zanen: atamfar kakin zuma ta gaske launinta ciki da waje kusan ɗaya ne, wadda aka buga a fuska guda kuwa cikinta fari-fari yake. Ba aibi ba ne a sayi mai araha. Aibin shi ne a sayi mai araha da kuɗin mai tsada.

Zanen 13 ga Mayu ma abin karantawa ne. Matan da suke ɗaura shi kowace shekara, nawa ne suka san cewa a ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi jerin gwano a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa? Uwa ta gaya wa ɗiyarta wannan kafin ta kai zanen wurin tela.

ABIN DA FATA ZA TA SHA

Nan ne nake so a buɗe kunne sosai, domin waƙa maras daɗi ana kashe ta, riga maras kyau ana ba da ita, amma fata guda ce.

Abin da na yarda da shi ba shi da yawa, kuma ba shi da tsada. Man kaɗanya, irin wanda matan yankin Gaya suke yi, shi ne maganin bushewar hunturu: a shafa shi bayan wanka tun jiki bai gama bushewa ba. Mai kaushi da faso ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ta goge, ta shafa basilin ko man kaɗanya, ta sa safa ta kwanta. Sabulun salo yana wanke jiki da kyau, sai dai yana busar da fuska in an yawaita. Man aduwa yana da kyau ga gashi. Dilka da halawa da turaren wuta, waɗanda suka zo mana ta hannun matan Difa da Cadi da Sudan, su ma ba ni da ja a kansu, muddin mai haɗawa za ta faɗi abin da ta zuba a ciki. In ta ce sirri ne, a ɗauki jaka a fita.

Dalili kuwa shi ne man canza launin fata, wanda ake kira bilicin. Aikina fassara ne, kullum ina tsakanin Faransanci da Hausa, kuma na lura cewa rubutun da ke jikin waɗannan kwalabe ba a yi shi don mai saye ta gane ba. Saboda haka ga kalmomin da za ku nema, ko da ba ku jin Faransanci, harufan dai kun san su. In kun ga éclaircissant ko teint clair, ma'anarsu mai ƙara haske, to ku juya kwalbar ku duba ƙananan rubutu.

Kalma ta farko hydroquinone. Wannan sinadari yana hana fata yin baƙin launin da Allah ya sa mata don ya kare ta daga rana. Likita yana iya ba da shi na ɗan lokaci don wani tabo, amma wadda ta shafe shekaru tana shafa shi a ƙarƙashin ranar Sahel, ƙarshenta baƙaƙen tabo masu kauri a kumatu da goshi da wuya, waɗanda ba sa fita. Watau abin da aka gudu shi ake tararwa, har ya fi. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan shafa tun 2001.

Ta biyu clobétasol ko bétaméthasone. Waɗannan magunguna ne masu ƙarfi na dangin kortizon, na ciwon fata, waɗanda ya kamata a saya a farmasi da takardar likita. Su ne ƴan ƙananan tib ɗin da ake matsewa cikin man shafawa. Suna sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, su kawo nankarwa mai faɗi a hannu da cinya, da ƙuraje, da makero da ba ya jin magani. Ba a fata suke tsayawa ba: suna shiga jini, suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Mace mai irin wannan fata in aka yi mata aiki wurin haihuwa, ɗinkin ya kan yi wuyar kamawa. Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta daina dare ɗaya ita kaɗai, domin jiki ya saba. Ta je asibiti ta faɗi gaskiya, a rage mata a hankali.

Ta uku mercure, watau zaiba. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Ƙasashen duniya sun ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da ita, a 2023 kuma suka amince a hana ta baki ɗaya a kayan shafa daga 2025. Matsalar ita ce masu zuba ta ba su cika rubuta sunanta ba. Shi ya sa kwalbar da ba ta da sunan kamfani, ba ta da jerin abin da ke ciki, ba ta da ranar lalacewa, da haɗin da ake aunawa da cokali a zuba a roba, duk hukuncinsu ɗaya a wurina.

Kodibuwar ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta bi baya, Ruwanda ma haka. Amma doka ba ta shiga ɗakin amarya. Kuma a nan dole in juya ga maza, musamman ma'aikata masu karanta wannan jarida a ofis. Yarinya ba ta ƙona fuskarta don nishaɗi. Ta ji abin da ake faɗi a majalisa in fara ta wuce, ta ji waƙoƙin da ba a yabon kowa sai fara, ta ga kuma wadda aka zaɓa aka bar ta. Har a cikin lefe wasu angwaye suke sa waɗannan mayuka da hannunsu. Wanda ya sa su a akwati, shi ne zai biya kuɗin asibiti bayan shekara biyar.

Saura abu biyu na gargajiya da su ma suke son lura. Lallen gaske ganye ne, yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kama, launinsa ja ne mai duhu. Baƙin lallen da yake kamawa cikin rabin sa'a an haɗa shi da sinadarin rinin gashi, ana rubuta shi PPD, kuma akwai matan da yake tayar musu da bororo a hannu daidai yadda aka zana furen. Wadda ya taɓa yi wa haka sau ɗaya, kada ta sake kusantarsa, har rinin gashi ma ta kiyaye. Kwalli kuma, irin na dutse mai ƙyalli, akwai darma a cikinsa. Ko babba ma tana cutar da shi, amma jariri ta fi yi wa illa, domin darma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun tana girma. A bar sa wa jarirai kwalli ranar suna, kuma kowace mace ta riƙe tsinkenta ita kaɗai, don ciwon ido ta nan yake bi daga gida zuwa gida.

A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ina roƙon ma'aikatar kasuwanci da ta kiwon lafiya su fara aiki da wannan doka daga jikin kwalba: duk man shafawa da sabulun da za a shigo da shi ko a haɗa shi a nan, a tilasta a manna masa takarda da Hausa, mai faɗin abin da ke ciki da ranar da zai lalace. Masu fassara muna nan, kuma layi huɗu ne kawai.